Lasisi Mai Hular Gado

Ku gyara zama, labarin nan ba a ba da shi a tsaye. A gabana aka yi shi tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma har yau in na tuna sai na ajiye ƙoshiyar saƙa na yi dariyata ta ishe ni.

A garinmu Iseyin, rumfar saƙarmu mutum tara take ɗauka. Ni ne na uku daga bakin ƙofa. A hannuna na dama Lasisi Alabi yake zama, a haguna Salawu Adio. Shekara ashirin da ɗoriya na yi tsakanin mutanen nan biyu, kunnen dama kullum a gajiye, na hagu kullum yana hutawa.

Lasisi masaƙi ne na gaske, wannan ba mai ƙwace masa. In ya zauna yana saƙa ashoke, ko ba ka da niyyar aure sai ka ji kana so a yi biki a gidanku. Matsalarsa ɗaya ce: yana jin kansa ba irin na mutane ba ne. Mu dai mun taso muna jin tsofaffi suna cewa kowa shi ya zaɓi kansa kafin ya zo duniya, a wani ɗaki da aka jera kawuna kamar tukwane a kasuwa. Yawancinmu mun ji, mun bar maganar a nan. Lasisi kuwa cewa yake danginsu da sassafe suka isa ɗakin, tun ba a taɓa kaya ba, suka kwashe na ƙwarai, sauran jama'a suka zo bayan la'asar suka tsinci fasassu.

Hujjarsa kuwa ita ce mahaifinsa, marigayi Alabi, wanda ya yi shekara talatin yana magatakardan ƙungiyar masaƙa. Shi ke karanta wasiƙu, shi ke rubuta abin da aka yanke a taro. Da ya rasu ya bar wa Lasisi hularsa, abeti-aja mai kunnuwa biyu, tsohuwa, da huda a kunnen hagu. Lasisi bai taɓa shiga aji ba. In an tambaye shi ko ya iya karatu, sai ya dafa hular ya ce, "Yana ciki. Ban dai bukaci fito da shi ba tukuna."

Ana nan sai wanda ya gaji Alabi a kujerar ya tsufa, idonsa ya daina gani. Shugabanmu, Baba Gbadamosi, ya tara mu a ƙofar gidansa ya ce, "Wasiƙu suna zuwa daga Ibadan da Legas, muna kai wa 'yan makaranta suna karanta mana sirrinmu. Wannan ya isa. Akwai ajin yaƙi da jahilci da Ticha Olaniyan yake yi bayan la'asar. Nan da wata shida za a yi jarrabawa. Wanda ya fi kowa ci a cikinku, kujerar tasa ce."

Lasisi ya miƙe yana gyara kunnuwan hula. "Baba, don me za a wahalar da mutane? Kujerar ai ta san mai ita. Ko yanzu aka sake ta, da ƙafarta za ta taka zuwa gidanmu."

"To, ɗan Alabi," in ji Baba, "ka je ka kawo takardar, kujerar ta huta da tafiya."

Daga can baya wata murya ta ce a hankali, "Ni ma zan gwada."

Muka juya, Salawu ne. Dariya ta ɓarke. Shekara uku ke nan Salawu yana zuwa ajin Ticha Olaniyan, sau uku yana zaman jarrabawa, sau uku yana faɗuwa. Duk abin da Ticha ya faɗa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ticha, maimaita mini." Har sunan ya bi shi, ko matan kasuwa Salawu Maimaita suke ce masa.

"Yaya Salawu," in ji Lasisi, "kai da ka zo ɗakin kawuna an riga an share an rufe? Abin da ke wuyanka ai murfin tulu ne."

Salawu ya sosa ƙeya ya ce, "Ko murfin ne, shi nake da shi. Da shi zan je."

Ranar Litinin muka tafi aji, ni ma na bi don kada a ba ni labari. Mutum goma sha bakwai ne, masaƙa da marina da masu ƙosai, kowa ya matse kansa a bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Lasisi ya iso daga baya, ɗauke da kujerarsa ta gida a ka. Ya dasa ta kusa da teburin Ticha, yana fuskantarmu.

Ticha Olaniyan tsohon hedimasta ne mai sanyin hali. Ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Baƙo muka yi daga ofishin ilimi?"

"Lasisi ne, ɗan Alabi magatakarda. Na zo ne a rubuta sunana, in kuma taimaka maka da waɗannan bayin Allah."

"Madalla. Ga alli, rubuta sunan naka a allo."

Lasisi ya karɓi alli, ya juya shi, ya shinshina, ya mayar. "Ticha, wannan allin na masu koyo ne. Hannuna ya fi ƙarfinsa, karyewa zai yi."

"Akwai wani."

"Shi ma karyewa zai yi."

Aka bar shi. Sai dai Allah ya ba mutumin nan kunne, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Kafin mako biyu ya haddace littafin farko kaf, don kullum yana jin Salawu yana tisawa. In Ticha ya buɗe shafi, Lasisi ya hango hoton akuya, sai ya zubo karatun akuya kamar ruwa daga tulu, har da tsayawa inda ake tsayawa. Masu ƙosai suka fara cewa lallai kan nan gado ne. Ni kaina na soma shakka.

Wata rana Ticha ya buɗe littafin, ya ɗora tafin hannunsa a kan hoton, ya ce, "Bismillah, ɗan magatakarda."

Lasisi ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Hannun Ticha faffaɗa ne. Ya yi gyaran murya ya fara: "Akuyar Ajoke ta shiga gona. Ta ci ganyen rogo. Ajoke ta kore ta da sanda."

"Salawu, zo ka karanta mana wurin."

Salawu ya taso, ya ɗora yatsa, ya yi ta gumi. Muka jira har wata mai ƙosai ta yi hamma. Can ya ce, "Jir-gi… jirgin ƙa-sa… ya iso ta-sha."

Aji ya kece da dariya. Wani marini ya ce, "Lasisi, akuyar taka tikiti ta yanka?"

Lasisi ko gezau. "Ku ba ku san zurfin karatu ba. Shi Yaya Salawu abin da ke sama ya karanta. Ni na ƙarƙashi na karanto. Akuyar tana cikin jirgin."

Daga ranar ya daina zuwa aji. Ya ce zaman benci yana rage wa kai daraja, kuma in mutane suka gan shi yana tisa karatu kamar Salawu, za su ce Alabi bai bar wa ɗansa komai ba. Abin da kansa yake bukata, in ji shi, kiwo ne. Ya sa matarsa Nimota ta riƙa dafa masa kan kifi da safe, ƙwaƙwalwar saniya da rana. Ya hana kowa yin magana da ƙarfi kusa da kunnensa na dama. Ya daina ɗaukar ko ƙullin zare a ka. Sannan ya je wurin wanzami aka yi masa aski ƙwal, ya riƙa lafta man kaɗanya, ya yagi shafi ɗaya daga littafin Ticha ya shimfiɗa a tsakar kai, ya kifa hular gado a sama.

Na ce masa, "Lasisi, wannan kuma wane irin karatu ne?"

Ya ce, "Hanya ce gajera. Ku kuna bi da shi ta ido, ya zagaya, ya gaji kafin ya isa. Ni kai-tsaye nake ba shi. Shafi ɗaya kullum, kwana arba'in littafi ya ƙare."

A kwana na tara Baba Gbadamosi ya biyo ta rumfarmu da rana tsaka. Muka tashi dukanmu muka kwanta rub da ciki muna gaishe shi. Lasisi, da yake yana son a ga tasa gaisuwar ta fi ta kowa, ya zube da ƙarfi. Hula ta yi tsalle ta faɗa cikin kwandon zare. Ga kan Lasisi yana ƙyalli a rana, man kaɗanya yana gangarowa ta bayan kunne, ga shafi na tara ya manne a tsakiya sumul kamar an yi masa guga.

Baba ya tsaya yana kallo. Salawu, wanda ke kwance kusa da shi, ya ɗago kai ya matso.

"Tsaya, Lasisi, kada ka motsa. Wannan shafin nawa ya yage, kwana uku ina nemansa." Ya ɗora yatsa a kan Lasisi. "Ku-ra… a'a, ku-re-ge… ya hau bi-shi-ya…"

"Yaya Salawu, ɗauke hannunka daga kaina!"

"Yi haƙuri, saura layi biyu."

Lasisi ba shi da ikon tashi, don Baba bai ce a tashi ba. Baba kuwa ya jingina da sandarsa ya ce, "Ƙarasa, Salawu, ina jin daɗin labarin." Haka Lasisi ya kwanta hanci a ƙasa, har kurege ya sauko daga bishiya. Da Salawu ya gama ya ce, "Na gode. Gobe wane shafi za ka sa?"

Labari ya riga mu isa kasuwa. Da yamma mai amala ta kira shi da sunan ɗansa Rafiu ta ce, "Baba Rafiu, in ka gama da littafin, ka manna mana jarida mu ma mu ƙaru."

Ana cikin haka wasiƙa ta zo wa Nimota daga garinsu Okeho. Ta ɗaura gyale za ta kai wa Ticha, Lasisi ya tare ƙofa.

"Iya Rafiu, kina auren ɗan magatakarda ki kai wasiƙa waje? Kawo."

Ya buɗe, ya nisanta ta da ido, ya matso da ita, ya gyaɗa kai. "Lafiya lau. Suna gaishe ki. An yi ruwa. Doya ta yi kyau. Sun ce ki riƙa yi wa mijinki biyayya, ki ƙara masa kan kifi."

"Duk rubutun nan, shi ke nan?"

"Sauran gaisuwa ce. Kin san mutanenku da gaisuwa."

Bayan kwana goma sai ga yayar Nimota ta sauko daga mota, fuska a murtuke, ko ruwa ta ƙi sha. Ashe ƙanwarsu ce ta haihu, tagwaye, aka rubuto ranar suna, aka ajiye wa Nimota wurin zama da rabonta na nama, ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Nimota ta ɗauko wasiƙar ta zo rumfa, ta wuce mijinta kamar ba ta san shi ba, ta durƙusa gaban Salawu. Salawu ya ajiye ƙoshiya. Tun azahar yake fama har aka kira la'asar, amma ya fito da komai: tagwaye, ranar Alhamis, har da cewa ta taho da babbar tukunyarta.

Nimota ta juyo. "Baba Rafiu, ina doyar?"

"Tana ƙarƙashi."

"Ina kan kifin?"

"Iya Rafiu, rubutun mutanen Okeho daban yake. Ba kowane…"

"Daga yau kan da za ka ci a gidan nan, kan albasa ne."

Kuna tsammani wannan zai sa ya koma benci? Ko kusa. Sai ma ya ce maƙiya ne suka taso masa, kuma amsar maƙiya ita ce biki. Saura wata guda jarrabawa ya fara saƙa ankon murnar cinta. Ja mai duhu da ratsin zinariya, na mutum arba'in, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa ganin ashoke mai kyan wannan ba. Ya raba wa dangi da abokai, har ni na samu. Ya je ya kama Ayanwale mai kalangu, ya koya masa kirarin da zai yi. Ya sa a tanadi amala da miyar wake da ewedu. Nimota ta ƙi sa hannu, sai da ya yi kwana uku yana lallashi.

Shi kuwa Salawu yana nan yadda yake. Ya rataye allonsa a jikin masaƙa, in ya jefa ƙoshiya sau goma ya ɗaga ido ya karanta kalma ɗaya. In ya kuskure ya goge ya sake. Wata rana na ce masa, "Salawu, ba ka gajiya?"

Ya ce, "Ina gajiya mana. Amma bara harafi bakwai ne suke rikita ni. Bana saura biyu."

Ranar jarrabawa Lasisi ya zo da babbar riga da alƙalami uku a aljihu. Aka raba takardu. Kafin Salawu ya gama rubuta sunansa, Lasisi ya miƙe ya kai tasa gaban Ticha, ya juyo ya dube mu da tausayi.

"Ku yi a hankali, 'yan'uwa. Kowa da irin kan da ya ɗauko."

Daga baya Ticha ya nuna mini takardar. Ya cika ta tun daga sama har ƙasa da zanen ratsin ashoke, layi-layi, ba ko karkata. Salawu kuwa shi ne na ƙarshen fita, rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya.

Bayan mako uku sakamako ya iso daga Oyo. Aka ce kowa ya zo makaranta da hantsi ya karɓi nasa, daga nan a wuce ƙofar gidan Baba Gbadamosi a naɗa magatakarda. Lasisi ya riga kowa zuwa, da mutum arba'in cikin anko a bayansa, da Ayanwale yana ɗumama kalangu. Ya tarar Ticha ya fita raka jami'in da ya kawo takardun, ya bar su jere a tebur. Goma sha bakwai ƙanana ne, farare. Guda ɗaya ce babba, mai kauri, da zanen zinariya a gefe da jan hatimi kamar tambarin sarki.

Lasisi bai ko tsaya tunani ba. Ya ɗauki babbar, ya sumbace ta, ya fito ya ɗaga ta sama.

Kalangu ya ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ce masa, "Lasisi, ba ka jira Ticha ya miƙa maka da hannunsa ba?"

"Takarda ta ga mai ita, me za a jira? Dubi zinariyar nan, ba ka ga ta dace da ankon ba?"

Muka ɗauki hanya. Bai bi gajeriyar ba, sai da ya ratsa da mu ta tsakiyar kasuwa. Yana gaba yana taka rawa, kunnuwan hula suna kaɗawa, takarda a hannu biyu ya juya rubutun waje don kowa ya gani. Ayanwale yana zuba kirari: ɗan Alabi, mai kan da aka zaɓa da sassafe, wanda karatu ke gaishe shi a kwance. Masu tumatir suka bar tumatir suka biyo mu.

A bakin gidan waya wani akawu ya matso ya karanta takardar, ya dubi Lasisi, ya sake duban takardar.

"Baba Rafiu, kai ne kake wannan rawar?"

"Da wa zai yi?"

"Kai, Allah ya ba mu maƙwabci irinka!"

"Amin, amma irina ba su da yawa."

Mai kemis ma ya karanta, ya toshe baki da hannu ya koma cikin shago, muna jin dariyarsa daga waje. Lasisi ya ce mini, "Ka gani? Hassada har ta sa shi kuka."

Muka iso ƙofar gidan Baba Gbadamosi, masaƙan gari duk sun hallara. Ga kujerar magatakarda an goge ta an ajiye a tsakiya. Lasisi ya kwanta ya yi gaisuwa, wannan karon da hannu ɗaya a kan hula, ya miƙa takardar. Baba bai karɓa ba.

"Ni ban iya karatu ba, ɗan Alabi, shi ya sa muke neman magatakarda. Wannan ce wasiƙarka ta farko. Karanta wa jama'a."

Lasisi ya miƙe, ya gyara riga, ya riƙe takardar nesa da fuska.

"Daga gwamnati, zuwa ga dukkan mutanen Iseyin da kewaye. Bayan gaisuwa mai yawa. Mun duba kawunan da ke ƙasar nan kaf, ba mu ga kamar na Lasisi ɗan Alabi ba. Muna umartar a ba shi kujera, a kuma riƙa ba shi kan kifi…"

"Ga ta can!"

Ticha Olaniyan ne ya kutso cikin taro yana haki, tabarau a karkace, Salawu na biye da shi da tsohuwar rigarsa ta aiki.

"Tun ɗazu muke neman takardar nan, har ƙarƙashin benci mun duba. Lasisi, wa ya ba ka?"

"Ticha, ai sauƙaƙa maka aiki na yi."

Baba Gbadamosi ya ɗaga sanda. "Ticha, kada ka ce komai. Salawu, kai ma ka zauna jarrabawar nan. Karɓi, karanta mana mu ji ko bakinku zai zo ɗaya."

Salawu ya goge hannuwansa a riga sau biyu kafin ya karɓa. Ya ɗora yatsa. Mutum sama da ɗari suna tsaye, ba ka jin komai sai kukan wata kaza.

"Wan-nan… shai-da ce… cewa…" Ya tsaya. Ya matso da takardar. Ya koma farkon layi ya sake bi. "Ticha, ko idona ne?"

"Ba idonka ba ne. Ci gaba."

"…cewa Sa-la-wu A-di-o… ya zo na ɗa-ya."

Ya ɗago kai ya dubi Ticha, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ticha, maimaita mini."

Abin da ya biyo baya ba na iya kwatanta shi. Wasu suka zube ƙasa don dariya, wasu suka rungume Salawu. Ayanwale, da yake makaɗi ba ya asarar rana, ko numfashi bai ja ba ya juya kalangu: Salawu ɗan Adio, mai faɗuwa uku ya tashi huɗu, wanda maƙwabcinsa ya saƙa wa anko. Mutum arba'in ɗin nan da Lasisi ya tufatar suka kewaye Salawu suna rawa. Nimota ce a gaba.

Lasisi ya daka tsawa. "An yi kuskure a Oyo! Sunaye aka musanya! Ticha, ina tawa?"

Ticha ya zaro wata 'yar farar takarda daga aljihu. "Ga ta. Sun ce zanen ya yi kyau ƙwarai, suna tambaya ko ana samun irinsa na mutum shida."

Lasisi ya cire hular gado ya ɗaga ta. "Baba, kai ka san ubana. Wannan hularsa ce. Kan da ya sa ta shekara talatin, a ce ɗansa bai gaji komai ba?"

Baba Gbadamosi ya miƙa hannu ya karɓi hular. Ya juya ta a hankali har ya kai ga kunnen hagu, ya zura yatsa cikin hudar.

"Ka san abin da ya yi hudar nan?"

"Tsufa ne."

"Haƙori ne. Ni da ubanka muka shiga ajin wani malamin mishan, yana da shekara arba'in. Ni na gudu bayan wata biyu. Shi ya zauna. Shekara huɗu yana abu ɗaya, ana yi masa dariya, har ana ce masa Alabi Dutse. In harafi ya gagare shi, sai ya ja kunnen hular nan ya cusa a baki ya ciza, don kada a ji yana kuka. Kai lokacin kana goye, da ka yi wayo ka tarar da shi yana karatu kamar ruwa, ka ɗauka haka aka haife shi." Ya miƙa masa hular. "Ita kuma saƙar da kake taƙama da ita, ka manta shekara nawa ka yi kana tsinka zare yana ja maka kunne?"

Lasisi ya tsaya yana kallon hudar kamar yau ya fara ganinta. Can ya juya wajen Salawu, wanda aka riga aka zaunar a kujera, ya kwanta rub da ciki a gabansa.

Salawu ya ruɗe, ya taso yana ɗaga shi. "Haba, Lasisi, tashi. Ai da kanka na yi karatu. Shafin kuregen nan ya fito a jarrabawa."

Amalar da aka tuƙa ba ta yi asara ba, a gidan Lasisi aka ci bikin Salawu har la'asar. Mai gidan ya zauna a lungu, Nimota ta kawo masa kwano ta ajiye. Ya buɗe, kan kifi ne.

"Ci," in ji ta. "Ranar Litinin za ka bukace shi."

Ranar Litinin kuwa ya zo aji ba kujera. Ya tsaya a bakin ƙofa yana duban benci, har mai ƙosai ta matsa ta ce, "Zauna, Baba Rafiu, ba ya cizo." Ya matse kansa a ciki, gwiwa tana taɓa haɓa. Ticha ya rubuta harafin farko a allo, ya faɗi sunansa. Sai muka ga hannu yana tasowa a hankali, kamar mai ɗaga buhun gishiri.

"Ticha," in ji Lasisi, yana kallon ƙasa, "maimaita mini."

Sau biyu ya faɗi, a na uku ya ci, ya zo na biyar cikin mutum goma sha ɗaya, kuma sai da ya sake kiran Ayanwale. Salawu ya riƙe kujerar har ƙarshen ransa, Lasisi yana mataimakinsa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya koya wa Salawu karatu, da kansa.

Hular tana nan wurin ɗansa Rafiu, in kun je Iseyin ku ce ya nuna muku. Ku duba da kyau: yanzu kunnuwan duka biyu a huje suke.